Kuɗin Inshorar Lafiya da Magidanci Mai Matsakaicin Hali a Ƙasar Gumel

Inshorar lafiya yarjejeniya ce da mutane masu yawa suke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da ƙoshin lafiya, domin idan ciwo ya kama ɗaya daga cikinsu a biya masa magani daga wannan asusu ba tare da ya sayar da dabbarsa ko ya jinginar da gonarsa ba. Dukan tsarin ya dogara ne ga lissafi guda, wato a kowace shekara masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa, kuma abin da masu lafiyan suka zuba shi ne yake ɗaukar nauyin waɗanda suka kwanta. Idan gwamnati ta shiga wannan harka, takan yi ɗaya daga cikin abubuwa biyu: ko ta kafa asusun da kanta ta riƙa karɓar kuɗin jama'a tana biyan asibitoci, ko ta buɗe wata kasuwa ta musamman inda kamfanoni masu zaman kansu za su baje hajarsu bisa ƙa'idojin da ta gindaya, ita kuma ta riƙa rage wa masu saye wani kaso na farashi. Nijeriya ta fi karkata ga hanya ta farko, Amurka ta bi ta biyu, amma dukansu sun ci karo da mutum iri ɗaya, wanda bai talauce har a biya masa ba, bai kuma wadata har ya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba.

A Amurka, inda aka fi yin muhawara a kan wannan mutum, dokar kula da lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ce ta kafa kasuwannin inshora na gwamnati, waɗanda suka fara rajistar jama'a a ranar 1 ga Oktoba, 2013. Dokar ta tanadi tallafi ga iyalan da abin da suke samu a shekara ya kama daga daidai mizanin talauci na ƙasar zuwa ninkinsa huɗu, sai dai duk wanda ya haura wannan iyaka, ko da da dala ɗaya ce, tallafin yakan yanke masa gaba ɗaya, ya koma biyan cikakken farashi. Wannan giɓi ya fi cutar da ƙananan 'yan kasuwa da manoma da waɗanda shekarunsu suka ja amma ba su kai 65 ba, shekarun da gwamnati take karɓar nauyin lafiyar tsofaffi. A 2021 majalisar ƙasar ta toshe giɓin na wucin gadi, ta ce kada kuɗin inshora mai matsakaicin daraja ya wuce kashi 8.5 cikin 100 na abin da iyali ke samu, daga baya kuma aka tsawaita wannan rangwame zuwa ƙarshen 2025, kuma a cikin waɗannan shekaru yawan masu rajista ya haura miliyan 20. Abin lura a nan shi ne, masu matsakaicin hali ba su shiga da yawa ba sai da aka daidaita farashi da aljihunsu, kuma da kuɗin haraji aka yi daidaitawar.

A Nijeriya dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta fito a 1999, amma shirin NHIS bai fara aiki ba sai a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma tun daga tushe an gina shi ne a kan ma'aikacin gwamnati mai albashi. An tsara cewa mai ɗaukar aiki zai zuba kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na tushen albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin ya zuba kashi 5, sannan katin ya rufe shi da matarsa ɗaya da 'ya'yansa na cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, tare da sharaɗin biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani a duk lokacin da aka rubuta masa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta zo da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, rabinsa kuma yana bi ta hannun hukumomin inshora domin a biya wa talakawa, ko da yake ba a saka kuɗin a kasafi ba sai a 2018. Wannan asusu ne ya zaburar da jihohi suka kafa nasu hukumomin, domin jihar da ba ta da hukuma ba ta da hanyar karɓar rabonta. Kano ta riga da kafa tata a 2016, Jigawa kuma ta biyo baya da hukumar JICHMA a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma yi alkawarin asusu na musamman domin marasa galihu da aka ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 83. Duk da haka, har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa a ranar da ciwo ya zo.

Idan aka kawo wannan tsari ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tambayar farko da za ta taso ita ce wane ne mai matsakaicin hali. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sa layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya kuma nuna cewa kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da wannan layi, a lokacin da adadin ƙasa baki ɗaya yake kashi 40. Ke nan wanda mutanen garuruwan yankin irin su Danzomo ko Danladi ko Jeke za su kira mai rufin asiri, a ma'aunin Abuja ko Legas zai iya faɗawa cikin talakawa. Shi ne manomin da geronsa da dawarsa suke kai shi wata damina, yake kuma da riɗi ko zoɓo ko gyaɗa na sayarwa, ko dillalin da yake cin kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis, ko mai shagon tireda, ko mai injin niƙa, ko direban da yake da motar kansa, ko malamin firamare da yake haɗa albashi da noma. Ana zuwa wurinsa neman rance, yana fitar da zakkar amfanin gona, kuma a taron unguwa ba za a taɓa rubuta sunansa cikin mabuƙata ba, shi ma ba zai yarda a rubuta ba. Amma tiyata ɗaya ko jinyar wata guda a Kano ta isa ta cinye shanun huɗarsa.

Tsarin da ake da shi ya san mutum biyu sosai. Ya san ma'aikacin gwamnati, domin ana cire gudummawarsa daga albashi kafin kuɗin ya shiga hannunsa, ba ya buƙatar yanke shawara kowace shekara a kan ko zai biya ko ba zai biya ba. Ya kuma san talaka futuk, domin akwai rajistar marasa galihu da kuɗin tarayya da na jiha da ake biya masa da su. A watan Oktoba na 2024 Gwamna Umar Namadi ya ƙaddamar da shirin J-Basic, wanda ya ɗauki mutum 500 daga kowace mazaɓa cikin mazaɓu 287 na jihar, jimillar mutum 143,500, domin a duba su kyauta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma a ƙaramar hukuma irin Sule Tankarkar mai mazaɓu 10 rabonta mutum 5,000 ne, alhali ƙidayar 2006 ta riga ta nuna tana da mutane kimanin 130,000, kuma yau sun fi haka nesa. Duk wanda bai shiga ɗayan rukunan nan biyu ba, abin da aka bar masa shi ne ya je da ƙafarsa ya yi rajista ya biya cikakken farashi da kansa, kuma a nan ne giɓin Amurka ya sake bayyana da wata kama. A can mutum yakan rasa tallafi idan samunsa ya haura wani adadi da aka rubuta a doka, a nan kuwa yakan rasa shi ne don kawai sunansa bai shiga takarda ba.

Shirin tarayya da aka tanada wa irin wannan mutum shi ne GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, kuma farashinsa na farko naira 15,000 ne ga kowane kai a shekara. A takarda adadin ba shi da ban tsoro, domin bai kai kuɗin akuya ba. Matsalar tana cikin kalmar kai, domin gidan Bahaushe na karkara ba gidan mutum shida ba ne kamar yadda masu tsara shirin farko suka ɗauka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Jigawa ya kai 7.1, kuma auren mace fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ne, ballantana tsohuwa da ƙanne da 'ya'yan riƙo da suke ci daga tukunya ɗaya. Magidanci mai mutum 12 a gidansa zai biya naira 180,000 a tsohon farashi. Idan aka ɗauka, don misali kawai, cewa abin da yake samu a shekara ya yi daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata da aka amince da shi a 2024, wato naira 840,000, to inshorar za ta ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na samunsa. Da za a ɗora masa ma'aunin Amurka na kashi 8.5, abin da ya dace ya biya shi ne naira 71,400, wanda ba zai rufe ko mutum biyar ba. Masana tattalin arzikin lafiya sukan kira kashe kuɗin jinya da ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa da sunan kashe kuɗi mai durƙusar da iyali, sai ga shi kuɗin kariyar da kansa ya ninka wannan ma'auni tun kafin kowa ya yi zazzaɓi.

Wannan farashi ma bai tsaya a nan ba, kuma dalilin tashinsa yana da tushe. Asibitin matakin farko ana biyansa ne bisa yawan mutanen da suka zaɓe shi, ko sun zo ko ba su zo ba, kuma shekara fiye da goma abin da ake ba shi naira 750 ne a kan kowane mutum a wata, wato naira 9,000 a shekara. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, domin akasarinsu ko sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, hauhawar farashi kuma ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024. Asibitoci suka riƙa kukan cewa suna duba masu kati a kan asara. Hukumar NHIA ta ƙara kuɗin a 2024, ta sake ƙarawa a 2025 har ya kusa ninka na da, kuɗin manyan ayyuka irin su tiyata ya ninka sau da yawa, gudummawar masu biya da kansu ita ma ta bi sahu ta tashi. Babu wanda zai ce ƙarin bai dace ba, domin katin da asibiti ba ya marhabin da shi ba shi da amfani, amma ma'aikaci yana da mai ɗaukar masa kaso mafi girma, talaka yana da gwamnati, shi kuwa mai biya da kansa shi kaɗai ya ɗauki ƙarin ɗungurungum. A yankin Gumel abin ya zo daidai da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya gurgunta cinikin Maigatari har zuwa watan Maris na 2024.

Bayan yawan kuɗin akwai lokacin biyansa, wanda ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Kuɗi yana shiga hannun manomi ne da kaka, daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da ake sayar da riɗi da zoɓo da wake, kuma a lokacin ne ake aurar da 'ya'ya, a gyara ɗaki, a biya bashin taki. Ciwo kuwa ya fi yawa da damina, tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage kuma ya tafi ga 'yan ƙwadago. Tun da akwai wa'adin jira tsakanin ranar biya da ranar da kati zai fara aiki, wanda ya tuna da inshora a watan Agusta ya makara. Hukumar da take son kuɗin manomi dole ta je ta same shi a kasuwa da kaka, ta hannun ƙungiyarsa ta manoma ko ta dillalai ko ta direbobi, maimakon ta zauna a ofis a Dutse ko a sakatariya tana jiransa.

Wani zai ce, to mai gida ya zaɓi mutum uku ko huɗu da suka fi yawan ciwo ya yi musu rajista mana. Hakan kuwa mutane suke yi, kuma ta fuskar mai gida dabara ce mai kyau: ya sa matar da take da juna biyu, da tsoho mai hawan jini ko ciwon suga, da yaro mai amosanin jini, ya bar samari majiya ƙarfi. Sai dai idan kowa ya yi haka asusun zai cika da waɗanda tabbas za su ci fiye da abin da suka zuba, kuɗi ya gaza, a ƙara farashi, ƙarin ya kori sauran masu lafiyan da suka rage, sannan a sake ƙarawa. Wannan ne dalilin da ya sa dokoki suke wajabta shiga, amma wajabtawar tana aiki ne inda hukuma ta san samun kowa kuma tana da hanyar cire kuɗin. Amurka da kanta ta mayar da tarar ƙin shiga sifiri daga 2019, ta koma jan mutane da rangwame. A Sule Tankarkar, inda mafi yawan ciniki hannu da hannu ake yinsa, wajabcin da dokar 2022 ta ambata ba shi da wata igiya da zai kama mai shago ko makiyayi da ita.

Akwai kuma abin da mai saye yake aunawa wanda ba ya cikin lissafin hukuma, wato abin da katin zai saya masa a zahiri. Idan ya je asibitin mazaɓarsa ya tarar da ma'aikaci ɗaya, aka rubuta masa magani aka ce babu shi a ma'aji sai ya saya a kyamis, to ya biya sau biyu. Idan ciwon ya fi ƙarfin wurin aka tura shi babban asibitin Gumel, ko Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuɗin mota da abincin masu jinya da kwanakin da aka bar gona ko shago duk ba sa cikin yarjejeniya, kuma manyan cututtuka irin su ciwon daji da wankin ƙoda, waɗanda su ne ainihin masu karya gida, tsare-tsaren gwamnati ba su cika ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya ba. Mai matsakaicin hali yana iya biyan kuɗin maganin zazzaɓi daga aljihunsa, abin da yake tsoro shi ne babbar jinya, sai ga shi an sayar masa da kariya mai ƙarfi a kan ƙaramin abu, mai rauni a kan babba. Ya riga ya san adashe, inda kowa yake da tabbacin kwasarsa za ta zo, don haka ba shi da wuya ya ɗauki kuɗin shekarar da bai yi ciwo ba a matsayin asara. Shakkun da wasu malamai suke da shi a kan inshorar kasuwanci, saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin da kuma cuɗanya da riba, ya ƙara wa wasu nauyin ƙafa, ko da yake jihohin Arewa sun gina nasu tsare-tsaren a kan taimakekeniya, inda abin da aka zuba gudummawa ce ga asusun jama'a, kuma wannan fahimta ce ta takaful da malamai da dama suka amince da ita.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fage ba su dogara ga biyan ganin dama ba. Ghana ta kafa tsarinta a 2003 ta ɗora shi a kan ƙarin kashi 2.5 cikin 100 na harajin kayan masarufi, ta yadda abin da mutum yake biya da hannunsa ɗan kaɗan ne. Tailan ta rufe waɗanda ba su da albashi da kuɗin haraji tun farkon shekarun 2000. Ruwanda ta kasa jama'a gida-gida bisa ƙarfinsu, kowane rukuni da abin da yake biya. A gida Nijeriya, shirin inshorar karkara na jihar Kwara da aka fara a 2007 da taimakon ƙasar Holan ya jawo manoma da yawa domin abin da suke biya ɗan ƙaramin kaso ne na ainihin kuɗin, ya kuma tsaya cik a lokacin da kason gwamnatin jiha ya daina zuwa. A ƙetaren iyaka, Jamhuriyar Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa tun wajajen 2006, amma jinkirin biyan asibitoci ya bar su da bashi mai yawa da ma'ajin magani wayam.

Abin da ya fi dacewa da ƙasar Gumel shi ne a samar da mataki na uku tsakanin kyauta da cikakken farashi, inda gwamnati za ta ɗauki wani kaso, mai gida ya ɗauki saura, a kuma sayar da katin ga gida ɗungurungum da farashin da yake raguwa a kan kowane ƙarin kai, domin hakan zai sauƙaƙa wa babban gida, ya kuma shigo da masu lafiya cikin asusu tare da marasa lafiya. Wahalar ita ce tantance wanda ya cancanci wane mataki a wurin da babu takardar albashi ko ta haraji, kuma duk lokacin da aka bar wa mai unguwa ko kansila wannan hukunci shi kaɗai an buɗe ƙofar son kai da siyasa. Saboda haka rangwame na bai ɗaya ga duk wanda ba ya cikin albashin gwamnati ya fi sauƙin gudanarwa, ko da kuwa wasu 'yan tsirarun masu hali za su amfana da shi, domin a jihar da kusan mutum tara cikin goma suke ƙasa da layin talauci, kuɗin da za a kashe wajen tace masu halin zai iya fin abin da za a tsira da shi. Idan jiha ta ɗauki naira 10,000 a kan kowane mutum ga mutum 100,000, naira biliyan 1 ke nan a kowace shekara, kuma kuɗi ne da dole ya fito a kan kari kafin damina, ya kasance doka ce ta ware shi, yadda sauyin gwamna ko faɗuwar kason wata-wata daga Abuja ba zai tsayar da shi ba kamar yadda ya faru a Kwara.